Wankan Bilki a Shekarar da Aka Hana Gawayi

Ranar Laraba ce, a tsakiyar watan Janairu na shekarar 2009, da misalin ƙarfe goma na safe, na shiga gidan su Haladu da ke bayan kasuwar Dembe. Mahaifinku, Alhaji Mamman, shi ya raka ni, amma a zaure ya tsaya kamar yadda ya dace da suruki. A tsakar gida na tarar da mutum biyu: Haladu mahauci, mijin 'yar'uwarku Bilki, yana tsugune yana ɗaure buhunan wofi a bayan babur ɗinsa, da mahaifiyarsa Hajje Dudu, tana gaban murhu tana tura ƙafar kujera cikin wuta. Bilki na ɗaki, kwananta biyu da haihuwa. Da gangan na ambaci waɗanda suke wurin, domin labarin wannan safiya ya yawata cikin dangi har ya canja kama. Na ji da kunnena wata jikata tana ba ƙawarta shi, wai na je na ɗauke 'yata daga gidan mahauta saboda ina ganin ba su kai ba. Ni 'yar mahauci ce. Naman da mahaifina yake kai wa gidan matan mishan, waɗanda muke kira Masor, shi ya buɗe mini ƙofar makarantarsu, inda na koyi karatu, daga baya na koyi aikin ungozoma. Saboda haka ku ajiye wancan labarin, ku saurari abin da ya faru.

Ƙananan cikinku sun tashi sun tarar da tukunyar gas a gidaje da yawa, don haka dole in bayyana halin da gari yake ciki. 'Yan makonni kafin wannan rana gwamnati ta hana shigo da gawayi da ɗanyen itace cikin Njamena. Ba na cikin waɗanda suka ce dokar ba ta da dalili. Ina yarinya, itacen girkinmu daga bayan gari kaɗan ake kawo shi a kan jaki. A shekarun casa'in na ga manyan motoci suna shigowa maƙare da buhunan gawayi, kowace shekara daga wurin da ya fi na bara nisa, kuma duk wanda ya bi hanyar kudu ya ga kututture a inda da can akwai inuwa. Abin da na ƙi shi ne yadda aka zartar da ita. A makarantar Masor ba a karɓe wa yarinya abu sai an nuna mata abin da za ta riƙe a madadinsa. Nan kuwa aka wayi gari an kafa shingaye a hanyoyin shiga gari. An ce busasshen itace bai shiga cikin dokar ba, amma masu tsaron shingen ba su tsaya bambance ɗanye da busasshe ba. Abin da aka kama sai a cinna masa wuta a bakin hanya, wani lokaci har da abin hawan da ya ɗauko shi. Mata suka koma girki da ƙwallon goruba da busasshen kashin shanu, waɗanda ba su samu ba suka taɓa tsofaffin tabarmi da benci da azarar rumfa. Masu ƙosai da masu shayi da masu gashin nama suka naɗe kayansu. Matan da suke kasa gawayi a Dembe suka riƙa fitowa suna zama a gaban ƙasa wofi, domin sun saba fitowa.

Ni ina da tukunyar gas tun ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da aka fara kiran mutane a rediyo su rage ƙona itace. Ƙarama ce, mai kan girki ɗaya a bisanta. Maƙwabtanmu a unguwar Paris-Kongo suna kiranta bam, akwai ma wadda ta hana 'ya'yanta shiga gidanmu saboda ita. Ban saye ta don in burge kowa ba. Ba na son baƙin tukunya, ba na son toka a tsakar gidana.

Sai maganar wankan jego, wadda ita ce tushen komai. Kun san al'adarmu: mai jego za ta yi kwana arba'in ana tafasa mata ruwa a rabin duro, safe da yamma, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki, a sa garwashi a ƙarƙashin gadonta, a ɗura mata kunun kanwa. Tara itacen wankan kuwa haƙƙin miji ne, kuma da shi ake auna shi. Shekarun da na yi a ɗakin haihuwa sun nuna mini ɗaya fuskar al'adar. Mace ta haihu lafiya mu sallame ta, bayan 'yan makonni a dawo mana da ita a kumbure, numfashi na gagararta, zuciya ta gaji da zafi da kanwa. Wasu mun ceto su, wasu ba mu ceto su ba. Ba kowace mace abin yake kamawa ba, shi ya sa maganata ba ta taɓa yin nauyi a wurin tsofaffi ba, domin kowacce tana da 'ya'ya goma da za ta nuna mini. Haihuwar Bilki ta fari a gidana ta yi wanka, na yi mata yadda na sani, ta tashi garau. Ta biyu a gidan miji ta yi, a hannun Hajje Dudu, kuma ta daɗe tana tari da kumburin ƙafa kafin ta dawo daidai. Wannan ita ce ta uku, kuma tun cikin yana wata bakwai nake fargabarta.

Da Hajje Dudu ta ɗago ta gan ni, sai ta ce:

"Lale, Hajje Masor. Kin zo duba mu, ko kin zo duba aikinmu?"

"Na zo ganin mai jego. Wannan kujerar wa kike ƙonawa?"

"Ta marigayi ce. Shi ya gama zama, ita kuwa yarinya ba ta gama wanka ba."

Ku lura da wannan amsa, domin ba na son ku ɗauki Hajje Dudu a matsayin muguwa. Tana ƙaunar Bilki kamar ita ta haife ta. Na shiga ɗaki na tarar da zafi kamar gidan burodi. Bilki na jingine da matasai, ga kasko da garwashi a ƙarƙashin gado, ga kwanon kunun kanwa an sha rabi. Na danna ƙwaurinta da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Inna," ta ce da ni a hankali, "in na kwanta sosai numfashina ba ya kaiwa."

Na janye kaskon na fito da shi waje. Sai na tambayi Haladu inda za shi da buhuna. Ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Inna, wani abokina a bayan unguwar Waliya yana da gawayi binne a rami. Zan lulluɓe shi da ɗanyun fatu in tsallako gada da shi. Ba mai son sa hannu a ɗanyar fata."

"In suka sa fa?"

Da wannan babur yake ɗauko naman da yake sayarwa a Dembe, da shi gidan yake ci. Mahaifiyarsa ce ta amsa, amma idonta na kan babur ɗin:

"Haƙƙin miji ne. Ubansa sai da ya tara mini itace ya fi katanga tsawo kafin in haife shi."

Na sha faɗa mata maganar zuciya da kanwa a baya, ba ta taɓa shiga ba. A ranar kuwa na ga tsoro biyu a fuskarta, na sarakuwarta da na ɗanta, kuma na gane cewa ba za ta iya riƙe duka biyun ba. Na ce:

"Hajje, a gidana akwai wuta. Ki ba ni Bilki ta yi wanka a wurina, Haladu ya kwance buhunan nan."

"Haihuwa ta uku a tafi wankan gida? A ce ɗana ya kasa?"

"A bana wane ne bai kasa ba?"

Daga zaure mahaifinku ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya ya ce:

"Hajje, limamin unguwarmu ma da ƙyauren ɗakin awakinsa aka tuƙa masa tuwo jiya. Awakin suna can suna yawo a masallaci."

Haladu ya kusa yin dariya. Daga nan Hajje Dudu ta ce ta yarda, amma da sharaɗin ita za ta riƙa zuwa tana yin wankan da hannunta. Na ce na karɓa, ni ma da nawa sharaɗin, kuma na faɗe shi a gaban ɗanta don kada a ce na ɓoye: daga nan asibiti za mu fara zuwa, abin da likita ya ce shi za a bi.

"Likita namiji," in ji ta, "yaushe ya yi jego?"

Likitan ya saurari ƙirjin Bilki ya daɗe, ya ba ta maganin da zai rage ruwan jikinta, ya hana gishiri, ya hana kanwa, ya hana zafi mai tsanani. Ya ce da an ƙara mako guda a haka, da maganar ta zama wata. Muka wuce Paris-Kongo da ita da jaririn.

Washegari da sassafe Hajje Dudu ta sauka daga kan babur ɗin haya, da damin ganyen darbejiya a hannu ɗaya, da filas na kunu a ɗaya hannun. Na riga na tafasa tukunya guda a kan gas, na sirka ta cikin babban baho, na gwada da gwiwar hannuna kamar yadda aka koya mini. Ta tsoma hannu ta zaro, ta dube ni.

"Wannan ai ruwan alwala ne."

"Ruwan wanka ne. Dubi kan girkin nan, Hajje. Ko na so, ba zai ɗauki rabin duro ba. Kuma ban so ba."

"To kunun fa?"

"A gidana ba za ta sha ba."

Muka tsaya muna kallon juna, filas na tsakaninmu. Mahaifinku, wanda bai taɓa iya zama cikin rigima ba, ya fito da kofinsa ya ce kada a yi asarar gero a irin wannan shekara, a zuba masa. Haka ya yi ta shan kunun kanwa kowace safiya har abokansa na majalisa suka fara yi masa barka da sauka lafiya, suna tambayar yaushe ne suna. Bayan 'yan kwanaki shi ma na hana shi, domin jininsa yana hawa. Sunan gaskiya kuwa da dabino da goro aka yi shi. Ragon da aka yanka ɗanye aka raba naman, kowa ya tafi ya nemi yadda zai yi da rabonsa.

Hajje Dudu ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Tana yin wankan tana mita, ina tsaye a bakin ƙofa. Wata rana bayan ta gama, muna zaune a inuwa, ta ce da ni ba tare da ta kalle ni ba:

"Ina da wata ƙanwa, sunanta Asabe. A shekarar da ta haihu mijinta ba shi da hali, itacen ya ƙare kafin arba'in. Sanyi ya shige ta, ta kumbura kamar salka. Ni na rufe mata ido."

"Kafin itacen ya ƙare, ta sha kanwa?"

"Ni na dama mata, safe da yamma."

Mutuwa ɗaya ce, ita ta karanta ta ta wata fuska, ni na karanta ta ta wata, kuma babu amfanin in ɗora wa tsohuwa nauyin da ba za ta iya saukewa ba. Na dai fahimci abin da take gani duk lokacin da ta tsoma hannu a bahona ta ji ɗumi kawai.

Ana cikin haka gas ya ƙare. Duk garin ya koma kansa lokaci guda, har waɗanda suke kiransa bam, kuma babu isasshe. Ni da mahaifinku muka ɗauki tukunyar muka je wurin sayarwa, muka tarar da layin tukwane an zura musu igiya ɗaya don kada wani ya tsallake wani, masu su na zaune a gefen titi. Muka wuni muka dawo da ita wofi. Muka koma, muka sake dawowa haka. Na yi kwana biyu ina lallaɓawa da ƙwallon goruba da wata maƙwabciya ta sammini, shi ma ya ƙare. Da safiyar da ta biyo baya Hajje Dudu ta iso ta tarar da murhu a sanyaye. Ta ajiye ganyenta, ta gyara lulluɓi, ta ce:

"Kalas, magana ta ƙare, Hajje Masor. Kin ce a gidanki akwai wuta. Ruwan alwalar ma yau babu. Mutumin Waliya yana nan, Haladu zai je yau, ni kuma zan mayar da ita ɗakinta. Ko ke ba za ki ce na saɓa alkawari ba."

Ba ta saɓa ba, gaskiyarta ce. Da wuta na karɓo Bilki, in babu wuta ba ni da hujjar riƙe ta. A lokacin kumburin ya fara sauka daga gwiwa, ta fara iya barci da matashi ɗaya. Na san abin da ke jiranta a can: rabin duro, da kasko, da filas ɗin da babu Alhaji a kusa da zai shanye shi.

Manyan cikinku sun san kabad ɗina na maɗaci. Kafintocin mishan suka yi shi, da albashina na farko na biya, a cikinsa nake jera fararen kayan aikina a goge, kowanne a layinsa. Ya tsallake yaƙe-yaƙen garin nan, mun gudu mun dawo mun same shi a tsaye. Na shiga ɗaki na kwashe abin da ke ciki, na ninke komai na jera a kan gado, sannan na kira mahaifinku na ce ya kawo zarto. Ya kawo gatari, na ce zarto na ce, gatari ɓarna yake yi, rabin itacen zai tafi a ɓarɓashi.

"Saratu," ya ce, "kin taɓa hana ɗanmu Sani abincin rana don ya jingina keke da kabad ɗin nan."

"Ina sane. Riƙe nan."

Muka fito da shi tsakar gida muka kwantar. Na cire ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya na zuba a gwangwani, na auna katakon da tafin hannu, muka yanka gunduwa-gunduwa daidai wa daida. Ban yarda na kalli kowa ba. Bilki na leƙowa ta taga tana kuka, na ce ta koma ta kwanta. Hajje Dudu tana tsaye da lulluɓinta, ba ta tafi ba, ba ta kuma zauna ba. Da na ɗebi gunduwoyin farko na fara jera su tsakanin duwatsu, sai na ji ta a kaina.

"Ba haka ake jerawa ba. Ke gas ya lalata ki. Matsa."

Ta tuɓe lulluɓin ta tsuguna. Ta ɗauki gunduwa ta juya ta a hannu, ta shafa gefen da ya sha man goge shekara da shekaru, ta sa uku kacal a murhu, ta mayar da sauran gefe. Ta hura wuta, ta ɗora tukunyar ruwana, wannan dai ƙaramar da nake ɗorawa a kan gas. Da ruwan ya tafasa ta sauke, ta zaro guntayen da ba su cinye ba ta turbuɗe su cikin yashi don su yi na yamma. Ita da kanta ta juye tukunyar cikin baho, ita da kanta ta sirka. Matar da ta ƙone kujerar mijinta ba tare da ta waiwaya ba, ta kasa ƙone kabad ɗina fiye da abin da ya zama dole.

"Wannan itacen ba na rabin duro ba ne," ta ce. "In muka yi hankali zai kai mu."

Daga nan ta aika a gaya wa Haladu ya tafi kasuwarsa. Kabad ɗin ya riƙe mu har gas ya sake samuwa, kuma ita ce ta riƙa rabon itacen, ko ni ba ta bari in ƙara gunduwa ɗaya.

Kada ku ɗauka ta sauya ra'ayi. Har ta koma ga Allah tana gaya wa mata cewa rabin wanka aka yi wa sarakuwarta, kuma addu'arta ce ta tsare ta daga sanyi. Daga bakin waɗannan matan ne labarin ya fito ya zama cewa na raina gidan mahauta. Mun ci gaba da gaisawa a biki da rasuwa, amma ba ta sake cin abinci a gidana ba, ni ma ban matsa mata ba. Kada kuma ku ɗauka ina yabon yadda aka yi da mutane a wannan shekara. Tsofaffin abokan aikina sun gaya mini yadda mata suke zuwa haihuwa babu ko ruwan ɗumin da za a goge jariri, kuma yawancinsu ba su da kabad ɗin maɗaci da za su yanka. Abin da ya zama ƙunci ga dubban gidaje ya zo ya buɗe mini ƙofa ɗaya a gidana, na shiga, kuma duk lokacin da na tuna sai in ji sanyi a raina tare da nauyi.

Haladu bai tsallaka gada da gawayi ba, babur ɗinsa ya tsira. Bilki ta cika arba'in a gidana, kumburin ya sace, numfashinta ya daidaita, ta koma ɗakin mijinta da ƙafarta, tana goye da ɗanta.